Baƙar Riga a Unguwar Masu Hali: Matsalar Asali a Gajerun Labaran Yahudawan Amurka

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarun 1960, marubucin nan na ƙasar Ailan, Frank O'Connor, ya kawo wani ra'ayi da manazarta adabin zube suka daɗe suna tattaunawa a kansa. A ganinsa, gajeren labari ya fi bunƙasa a tsakanin mutanen da suke zaune a gefen al'umma, waɗanda ba su da tabbacin matsayinsu a cikinta. Dogon ƙagaggen labari yana buƙatar al'umma zaunanniya wadda tauraro zai shiga ya fita a cikinta, amma gajeren labari mutum guda ya ishe shi, a cikin sa'a guda ta ƙunci. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada wannan ra'ayi a kan wasu gajerun labarai da Yahudawan Amurka suka rubuta tsakanin 1959 da 2012, a ga yadda suka tunkari tambaya guda: idan addini ya yi rauni, harshen kakanni ya ɓace, aka kuma bar unguwar da aka taso, me ya rage da zai sa mutum ya kira kansa Bayahude?

Ba za a fahimci nauyin tambayar ba sai an waiwayi tarihi. A Gabashin Turai, watau Folan da Lituwaniya da Yukren da sauran yankunan daular Rasha, Bayahude bai cika buƙatar yi wa kansa wannan tambaya ba, domin abubuwa 3 sun haɗu sun amsa masa ita: addininsa da harshensa da garinsa. Harshen shi ne Yidish, wanda tushensa Jamusanci ne, amma ya ari kalmomi masu yawa daga Ibrananci da harsunan Silabawa, ana kuma rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci daga dama zuwa hagu. Wanda ya san dangantakar Hausar ajami da Larabci ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba: harshe ɗaya na ibada da karatu, ɗaya na kasuwa da tsakar gida, baƙaƙe kuwa na tarayya. Da wannan harshe ne Sholem Aleichem da I. L. Peretz suka kafa harsashin gajeren labarin Yahudawa kafin rasuwarsu, Peretz a 1915, Sholem Aleichem a 1916.

Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa kimanin miliyan 2 suka yi ƙaura daga wannan yanki zuwa Amurka, akasarinsu suka sauka a birnin Niyok. A 1924 Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar baƙi. Sa'an nan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, mafi yawansu masu magana da Yidish. Ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 kuwa Ibrananci ta zaɓa. Saboda haka jikokin 'yan ƙauran nan suka wayi gari da Turanci a baki, da digiri a hannu, da gida a sabuwar unguwa, alhali garuruwan da kakanninsu suka baro babu su, babu mutanensu. Marubutan da za a duba a nan daga cikin waɗannan 'ya'ya da jikoki suka fito.

2.0 Riga a Matsayin Alama

Labarin da ya fi fito da matsalar fili shi ne "Eli, the Fanatic", watau Eli mai tsattsauran ra'ayi, na Philip Roth, wanda ya fito a cikin littafinsa na farko, Goodbye, Columbus, a 1959. An gina labarin a 1948, a wata ƙagaggiyar unguwa ta masu hali mai suna Woodenton. Sai bayan yaƙi ne aka fara yarda Yahudawa su sayi gidaje a cikinta, saboda haka suna taka-tsantsan kada su yi abin da zai tuna wa maƙwabtansu Kirista cewa su baƙi ne. Kwatsam sai wani malami, Leo Tzuref, ya buɗe makarantar kwana ta addini a wani tsohon gida da ke bisa tudu, da marayu 18 waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Turai. Yana da wani mataimaki mai gemu, wanda yake sauka cikin gari sayayya sanye da doguwar baƙar riga da baƙar malafa irin ta masu tsantseni na Gabashin Turai.

Abin lura na farko shi ne, ba Kiristocin unguwar ne suka tayar da ƙura ba. Yahudawan ne da kansu suka tura lauyansu, Eli Peck, ya je ya shaida wa malamin cewa dokar tsarin gari ta hana buɗe makarantar kwana a unguwar zama. Eli mutum ne mai taushin zuciya, wanda ya taɓa fama da taɓuwar hankali, ga matarsa da tsohon ciki. Maimakon kora sai ya kawo sulhu: makaranta ta zauna, amma mai baƙar riga ya riƙa sa tufafi irin na Amurkawa. Malamin ya amsa da cewa mutumin ba shi da komai sai wannan rigar. Eli ya ɗauki maganar a kan talauci, ya ga ai abu ne mai sauƙi a saya masa wata. Daga baya ne ya gane cewa ba maganar kuɗi ake yi ba. Mutumin ya rasa iyaye da mata da jariri da gari da majami'a, har jikinsa ma an yi gwajin likitanci a kansa. Rigar ce kaɗai abin da ya fito da shi daga waccan duniya.

A nan ne gwanintar marubucin ta bayyana, domin bai bar jigon a bakin taurari suna muhawara a kansa ba, sai ya ɗora shi a kan abin da ido yake gani. Eli ya naɗe kwat da wandonsa masu tsada ya kai makarantar. Washegari mutumin ya zaga gari sanye da su, maƙwabta suka yi ta buga wa Eli waya suna yi masa barka. Amma da Eli ya buɗe ƙofar gidansa sai ya tarar da kwali, a ciki ga baƙar riga da malafa an ajiye masa. Ba a faɗa wa mai karatu ko kyauta ce, ko musaya, ko tuhuma ba. Eli ya sa su, ya ratsa babban titin unguwar da rana tsaka, ya wuce asibiti don ya ga ɗan da aka haifa masa. A can ma'aikata suka riƙe shi suka yi masa allurar kwantar da hankali, labarin kuma ya ƙare da nuni da cewa maganin bai kai inda baƙin rigar ya riga ya kai a cikinsa ba.

Manazarta sun rabu a kan wannan ƙarshe. Wasu suna ganin Eli ya farka ne, ya karɓi amanar matattu wadda jama'arsa suke gudu. Wasu kuma suna ganin tsohon ciwonsa ne ya tashi, tun da bai san addu'a ko ɗaya ba, bai iya harshen mutumin da ya ba shi rigar ba, kuma riga ba ta mayar da jahili malami. Gaskiyar magana ita ce labarin ya ƙi raba gardamar da gangan, kuma ƙarfinsa yana nan. Sai dai sunan labarin yana ɗauke da gugar zana wadda ta karkata ga ɓangare guda: wanda aka kira mai tsattsauran ra'ayi shi ne kaɗai ya saurari kowa, waɗanda kuma suke kiran kansu wayayyu su ne suka kasa jure ganin malafa guda a kan titi. Akwai ɗan rauni a labarin, domin an zana maƙwabtan Eli da matarsa, mai yawan ambaton ilimin halayyar ɗan Adam, da zambo mai kauri har suka kusa zama 'yan wasan barkwanci. Amma mai baƙar rigar, wanda kusan bai furta komai ba daga farko har ƙarshe, ya fi su duka zama a zuciyar mai karatu.

Bernard Malamud ya ɗauki wannan jigo ya zuba shi a sigar tatsuniya a cikin "The Jewbird", watau tsuntsu Bayahude, na 1963. Wani baƙin tsuntsu mai kama da hankaka ya faɗo ta taga cikin gidan Harry Cohen, mai tallar daskararren abinci a Niyok. Tsuntsun yana magana da karin harshen tsofaffin 'yan ƙaura, ya ce sunansa Schwartz, yana gudun maƙiya Yahudawa ne. Matar gida da yaronta suka so shi, har yana taya yaron aikin makaranta. Maigida kuwa warinsa da roƙonsa da karin harshensa duk sun dame shi. Ya kawo kyanwa, daga bisani ya damƙe shi ya jefar waje cikin hunturu. Da ƙanƙara ta narke yaron ya tsinci gawar tsuntsun, ya yi kuka yana tambayar wanda ya kashe shi, daga baya uwarsa ta ce maƙiya Yahudawa ne. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi sunan mijinta ba.

3.0 Marubuci da Asirin Gida

Irin wannan rubutu bai wuce salin-alin ba. A watan Maris na 1959 mujallar New Yorker ta buga wani labarin Roth mai suna "Defender of the Faith", watau mai kare addini. Tauraronsa Saje Nathan Marx ne, wanda ya dawo daga fagen daga na Turai a 1945 aka tura shi horar da kurata a wani bariki a jihar Misuri. Wani kurtu, Sheldon Grossbart, ya gane cewa sajen Bayahude ne, sai ya mai da 'yan'uwantakar addini jari. Yau ya nemi a ɗauke masa aikin share bariki don ya je ibadar daren Asabar, gobe ya rubuta wa ɗan majalisa ƙorafi a kan abincin soja da sunan mahaifinsa, jibi ya karɓi izinin fita don cin abincin idi a gidan gwaggonsa, ya ƙare a gidan abincin 'yan Sin. Da aka zo tura kurata yaƙin yankin Fasifik, ya bi ta bayan fage aka cire sunansa. Saje Marx ya yi amfani da irin wannan hanya ya mayar da sunan.

Wasu malaman addini da shugabannin ƙungiyoyi suka fusata. Hujjarsu ba ta raini ba ce: shekara 14 kacal da buɗe sansanonin mutuwa, ga wani matashi ɗan gida ya zana Bayahude maƙaryaci mai neman hanya, ya kuma buga a mujallar da waɗanda ba Yahudawa ba suke karantawa. A ganinsu ya miƙa wa maƙiyi wuƙa. A 1962 ya sha tambayoyi masu zafi a wani taro a Jami'ar Yeshiva ta Niyok, a 1963 kuma ya rubuta amsarsa a mujallar Commentary. Taƙaitaccen matsayinsa shi ne, mai ƙiyayya ba ya buƙatar labari kafin ya ƙi, kuma jama'ar da ba za a iya nuna mugu guda a cikinta ba, ta yarda ke nan cewa har yanzu maƙiyinta ne yake yanke mata abin da za ta faɗa game da kanta.

Abin da masu sukar suka tsallake shi ne, ba Grossbart ne tauraron labarin ba. Tauraron shi ne sajen, wanda yaƙi ya busar wa zuciya, har sai da muryar wannan kurtu ta tuna masa da unguwarsu da kakarsa. Abin da ya sa yaudarar ta yi tasiri a kansa shi ne kewar da yake ji ta gaskiya ce. Tambayar da labarin ya ɗora masa ita ce ko kare jama'arsa yana nufin fifita ɗan'uwa guda, ko kuwa hana ɗan'uwan nan ya sayar da sunan sauran. Har ya yanke hukunci bai tsira daga zargin kansa da ramuwar gayya ba.

4.0 Harshen da Ya Rasa Masu Karatu

Isaac Bashevis Singer ya isa Amurka daga Folan a 1935, ya ci gaba da rubutu da Yidish a jaridar Forverts, wadda aka kafa a Niyok tun 1897. Duniya ba ta san shi sosai ba sai a 1953, lokacin da Saul Bellow ya fassara labarinsa na Gimpel wawa zuwa Turanci aka buga a mujallar Partisan Review. A 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Amma a tsakanin marubutan Yidish na Niyok akwai masu ganin cewa ba shi ne gwaninsu ba, sa'ar masu fassara kawai ya yi.

Wannan ƙorafi ne Cynthia Ozick ta mayar labari a 1969, mai suna "Envy, or, Yiddish in America", watau hassada, ko kuwa Yidish a Amurka. Edelshtein tsohon mawaƙi ne da yake yawo majami'u yana lacca a kan mutuwar harshensa ga tsofaffi masu gyangyaɗi. Yana ƙin Ostrover, marubucin da fassara ta ɗaukaka, wanda masu karatu da yawa suka ɗauka Singer ake nufi. Sai ya gamu da wata budurwa haifaffiyar Amurka, Hannah, wadda ta iya karanta Yidish, ya roƙe ta ta fassara waƙoƙinsa. Ta ƙi. A ganinta tsofaffin nan ba son ta suke yi ba, jininta suke so su sha su ƙara kwana, kuma waƙarsu ba ta san komai ba sai kukan Yahudawa, alhali Ostrover yana magana da duniya duka.

Kyawun labarin shi ne Ozick ba ta wanke kowa ba. Edelshtein yana kuka saboda harshen da aka kashe masu shi, amma a ƙarƙashin kukan akwai son suna tsagwaronsa, har shi kansa ba ya iya rarrabe su. Akwai kuma wani ɗaci da yake wajen labarin: makokin Yidish ne aka rubuta da Turanci, da jimlolin da aka lanƙwasa su yi amon Yidish, domin da an rubuta shi da Yidish da bai sami masu karatu ba. Ɗalibin adabin Afirka zai tuna da muhawarar da Obi Wali ya tayar a 1963 a kan rubutu da harsunan Turawa, da matakin da Ngugi wa Thiong'o ya ɗauka na komawa ga harshen Gikuyu. Bambancin yana da girma, domin marubucin Afirka yana da miliyoyin masu jin harshensa a raye, abin da yake nema shi ne maɗaba'a da makaranta. Edelshtein yana da maɗaba'a da mujalla; masu karatun ne aka binne. Ko da yake Yidish bai mutu ba, domin al'ummomin Hasidawa masu tsantseni a Niyok da Isra'ila suna magana da shi a gidajensu, amma ba su ne masu karanta irin waƙoƙin zamani da Edelshtein yake rubutawa ba.

5.0 Jikoki da Gadon Tsoro

A 2013 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Yahudawan Amurka abin da suke ɗauka ginshiƙi ne na zama Bayahude. Kashi 73 cikin 100 suka ambaci tunawa da kisan kiyashi, kashi 19 kacal suka ambaci bin shari'ar addini. Kashi 22 sun ce su Yahudawa ne amma ba su da addini, kuma daga cikin waɗanda suka yi aure daga 2000 zuwa lokacin binciken, kashi 58 sun auri wanda ba Bayahude ba. Waɗannan alƙaluma sun nuna inda nauyin asali ya koma: daga abin da ake aikatawa kullum zuwa abin da ake tunawa.

Nathan Englander, wanda aka haifa a 1970 ya kuma taso a gidan masu riƙo da addini a jihar Niyok, ya riga binciken zuwa wannan wuri da labarin da ya ba littafinsa na 2012 suna, What We Talk About When We Talk About Anne Frank. Littafin ya ci kyautar gajeren labari da aka sa wa sunan Frank O'Connor. Anne Frank ita ce yarinyar da ta ɓuya da iyalinta a wani ɓoyayyen sashen gini a Amsterdam daga 1942 zuwa 1944, wasu Kiristoci suna kai musu abinci, har aka kama su, ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945.

Labarin ya haɗa ma'aurata biyu a wani gida a jihar Fulorida. Matan ƙawaye ne tun makaranta. Debbie da mijinta, wanda shi ne mai ba da labarin, sun yi sako-sako da addini. Lauren da Mark kuwa sun ƙaura Kudus, sun koma Shoshana da Yerucham, sun rungumi tsantseni, suna da 'ya'ya mata 10. Ana sha ana gardama. Baƙon ya ce abin da yake cinye Yahudawa a wannan zamani shi ne auratayya da wasu, kuma ba za a gina rayuwar jama'a a kan tunawa da bala'i kaɗai ba. Maigida yana ganin wannan girman kai ne. Matarsa kuwa, wadda iyayenta ba su ga yaƙin ba, ta cika ɗakin ajiyar abincinta da kaya kamar mai shirin ɓuya. Rigar da Eli Peck ya sa a 1948 ta dawo ke nan, amma yanzu a jikin ɗan Amurka da ya zaɓe ta da kansa, kuma wanda ya zauna ba riga shi ne yake neman hujja.

Daga ƙarshe matan suka tuna da wani wasa da suke yi tun suna yara: a ɗauki maƙwabci ko abokin aiki Kirista, a tambaya, in abin ya sake faruwa, zai ɓoye mu? Su huɗun suka shiga ɗakin ajiyar suka rufe ƙofa. Bayan sun auna maƙwabta, sai aka ce a gwada a cikin gida: Mark ya zama kamar ba Bayahude ba, matarsa ta dube shi ta faɗi ko zai sa ransa cikin haɗari don ya ɓoye ta. Ta daɗe tana kallonsa. Ya nemi ta tabbatar masa cewa zai yi, ta amsa da baki, amma duk wanda yake ɗakin ya ga cewa ba ta gaskata ba.

Englander ya juya tambayar da Roth ya yi. A Woodenton ana tsoron abin da baƙo zai gani idan ya dubi Bayahude. A wannan ɗakin ajiya babu baƙo ko ɗaya, kuma mutumin da aka auna aka samu da rauni shi ne wanda ya fi kowa gemu da kiyaye Asabar. Marubucin bai ce addininsa ƙarya ne ba, bai kuma ce matar ta yi daidai a hukuncinta ba, tun da wasa ne, ba a gwada kowa da wuta ba. Ya dai tsayar da labarin a inda su huɗun suke tsaye a cikin ƙunci, tsakanin gwangwanayen abinci, babu wanda ya iya miƙa hannu ya buɗe ƙofa.